Ƙirƙirarriyar Basira a Cikin Akwatin Rubutu: Yadda Ake Gina Ekstenshan na Burauza

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filinmu na kimiyya da fasaha. Shirin yau na masu sha'awar gina manhaja ne, ɗalibai da masu koyo da kansu a gida. Amma wanda bai taɓa rubuta ko layi ɗaya na umarnin kwamfuta ba, shi ma kada ya juya akalar rediyonsa, domin akwai kasonsa a gaba. Za mu duba yadda ake haɗa wata 'yar manhaja da ake ɗora wa burauza, wadda ke kawo ƙirƙirarriyar basira mai samar da rubutu har cikin akwatin da kake rubutu a shafin intanet. Sai a gyara zama.

(KIƊA YA TASHI, YA LAFA)

Tun ranar 30 ga Nuwamba 2022 da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT, masu aiki da kwamfuta suka koyi wata sabuwar zirga-zirga. Mutum na tsakiyar rubuta wasiƙa a Gmail, sai ya kwafe ta, ya buɗe wani shafin, ya liƙa, ya roƙi injin ya gyara masa, ya jira, ya sake kwafowa, ya dawo ya liƙa. Gobe ma haka, jibi ma haka. Wannan kai-komo ne ya sa masu gina manhaja suka ce, to me zai hana a kawo injin inda rubutun yake?

Dabarar tana da tarihi. Grammarly, wanda wasu 'yan Yukiren suka kafa a 2009, ya daɗe yana bin masu rubutun Ingilishi cikin akwatunan shafuka yana ja musu layi a ƙarƙashin kuskure. A watan Fabrairun 2024 kuma Google ya saka wa burauzarsa ta Chrome mataimakin rubutu, inda ya fara da Amurka da harshen Ingilishi kaɗai. Abin da ya sauya shi ne, a yau ɗalibi ɗaya da kwamfutar cinya zai iya haɗa irin nasa, domin injin da ke samar da rubutun haya ake bayar da shi. Tunda kuwa injin na haya ne, gwanintar mai gini a wurare biyu take fitowa: yadda ya iya mu'amala da akwatin rubutu, da yadda ya riƙe amanar abin da aka rubuta a ciki. A kan waɗannan biyun za mu fi daɗewa.

To, mene ne ekstenshan? Burauza dai ita ce manhajar da kake buɗe shafukan intanet da ita, irin su Chrome da Firefox da Edge da Safari. Ekstenshan kuwa ƙaramar manhaja ce da ake ɗora mata don ta yi abin da masu ita ba su saka mata ba. Da kayan aikin da ake gina shafi ake gina shi, wato HTML da CSS da JavaScript. Duk wanda ya taɓa haɗa shafin intanet ya riga ya ci rabin tafiya. Wani sauƙin kuma, Chrome da Brave da Opera duk a kan tushe ɗaya suke, wato Chromium, Edge ma ya koma kansa a Janairun 2020, Firefox kuma tun 2017 ya rungumi tsari mai kama da wannan. Saboda haka abin da ka gina sau ɗaya zai yi aiki a yawancinsu, da ɗan gyare-gyare.

Kafin ka taɓa kibod, ka tsayar da aiki guda da ekstenshan ɗinka zai yi. Dokar kantin Chrome, inda ake sauke ekstenshan, ma haka ta tanada, kowane ekstenshan ya zama yana da manufa ɗaya bayyananna. Mu a shirin nan bari mu ɗauki misalin da zai amfane mu: ekstenshan mai gyara rubutun Hausa. Ka yi rubutu a kibod ɗin da ba shi da baƙaƙe masu ƙugiya, ka zaɓi rubutun, ka danna, ya maido maka da ƙ da ɗ da ɓ inda suka dace, ya gyara aya da waƙafi. Iyakar aikinsa ke nan.

Ginin yana da sassa huɗu. Na farko fayil ne mai suna manifest.json. Shi ne takardar shaidar ekstenshan. A ciki ake rubuta sunansa, da lambar fitowarsa, da izinin da yake nema, da sunayen sauran fayilolin. Tsarin da ake bi yanzu shi ne na uku, Manifest V3, wanda Chrome ya fara karɓa a Janairun 2021, ya kuma fara sallamar na biyu daga Yunin 2024. Wannan bayani yana da amfani ga mai koyo, domin darussa da yawa da za ka ci karo da su a intanet a kan tsohon tsari aka yi su. In ka bi su, Chrome zai ƙi karɓar aikinka.

Sashe na biyu shi ne umarnin cikin shafi. Wannan JavaScript ne da burauza ke cusawa cikin shafin da mutum ya buɗe. Shi ke ganin akwatin rubutu, shi ke karanta abin da ke ciki, shi ke mayar da gyara. Burauza tana ware shi daga JavaScript ɗin masu shafin, ba sa taɓa kayan juna, amma fuskar shafin ɗaya suke kallo.

Na uku shi ne ma'aikacin bayan fage. Shi ba ya ganin shafi ko kaɗan. Aikinsa karɓar saƙo daga umarnin cikin shafi, ya yi magana da duniyar waje, ya dawo da amsa. Yana da wata ɗabi'a da ke rikita sababbin shiga: in ya yi kamar daƙiƙa 30 babu aiki, Chrome yakan kashe shi, sai an sake buƙatarsa a tashe shi. Duk abin da ya riƙe a ka ya tafi ke nan. Don haka abin da kake son ya dawwama, kamar zaɓin mai amfani, sai ka ajiye shi a ma'ajiyar da burauza ta tanadar wa ekstenshan.

Na huɗu shi ne shafin saiti, inda mai amfani ke zaɓar yadda yake so a yi masa aiki. A misalinmu, nan ne za a tambaye shi ƙa'idar rubutun da yake bi, domin a Nijar ana rubuta ƴ mai ƙugiya, a Nijeriya kuma ana sa ɗan waƙafin sama kafin harafin y.

(GAJEREN KIƊA)

Yanzu mu bi saƙo ɗaya daga tashinsa har dawowarsa. Mutum ya zaɓi jimla uku a cikin akwati. Ya danna ɓangaren dama na linzamin kwamfuta, jerin zaɓi ya fito, a ciki akwai namu: gyara Hausa. Ya latsa. Umarnin cikin shafi ya ɗauki jimlolin nan uku, ya kuma lura da inda suka fara da inda suka ƙare. Ya miƙa wa ma'aikacin bayan fage. Shi kuma ya aika wa saba, wato kwamfutar da ke can a intanet tana magana da injin. Injin ya dawo da gyararren rubutu. Umarnin cikin shafi ya nuna shi a wani ɗan allo kusa da akwatin, da maɓalli biyu, na karɓa da na watsi. Sai mutum ya danna na karɓa sannan rubutun ya sauya.

A baki abin kamar wasa. Wahalar tana cikin akwatin da kansa, domin abin da ido ke gani akwati ɗaya, a ƙarƙashi iri uku ne.

Iri na farko su ne akwatunan asali na HTML: mai layi ɗaya, irin na rubuta suna ko bincike, da mai layi da yawa da ake kira textarea. Waɗannan ba su da gardama. Ka tambaye su abin da ke cikinsu, su ba ka. Ka tambaye su inda zaɓi ya fara da inda ya tsaya, su ba ka lambobi biyu.

Iri na biyu shi ne wanda ake sa wa alamar contenteditable. Wannan asalinsa wani yanki ne na shafi da aka buɗe don a yi rubutu a kai. Akwatin rubuta wasiƙa na Gmail irin wannan ne. A cikinsa rubutu yana gauraye da ado: baƙi mai kauri, mahaɗar shafi, hoto, sa hannun ƙarshen wasiƙa. In ka kwashe komai ka zuba sabon rubutu, ka share wa mutum duk wannan. Dole ka taɓa iyakar abin da ya zaɓa, ka bar saura yadda yake. Wasu shafukan ma, kamar Facebook, sun gina nasu editan a kan irin wannan yanki, kuma editan yana riƙe da nasa kwafin rubutun a ɓoye. In ka sauya abin da ke fili ba da saninsa ba, sai ya maido da tsohon.

Iri na uku shi ne wanda ba ya ba da ƙofa. A watan Mayun 2021 Google ya sanar cewa Google Docs zai koma zana rubutu a kan allo kamar hoto. Ido yana ganin haruffa, amma umarnin cikin shafi in ya leƙa ba zai same su a inda ya saba samu ba. Shawara ga mai koyo ita ce ya bar wannan iri tukuna, ya kuma rubuta a bayanin ekstenshan ɗinsa cewa ba ya aiki a nan.

Akwai wani tarko da kusan duk mai gina irin wannan abu ke faɗawa. Ka zuba gyararren rubutu a akwati, ido ya ga ya shiga, mutum ya danna aikawa, sai tsohon rubutun ya tafi, ko ma akwatin ya tafi fayau. Dalili kuwa, shafuka da yawa a yau da React aka gina su, wani kayan aiki da Facebook ya saki a 2013, ko da makamantansa. Su ba akwatin suke dubawa ba lokacin aikawa, lissafinsu na ciki suke dubawa, kuma lissafin ba ya motsi sai sun ji sanarwar cewa an yi rubutu. Don haka bayan ka zuba rubutu, sai ka tayar da irin sanarwar da kibod ke tayarwa in an buga harafi.

Akwai kuma wani tsohon umarni mai suna execCommand da ke shigar da rubutu tamkar mutum ne ya buga shi. Littattafan jagora sun sa shi cikin waɗanda ake shirin yi wa ritaya, amma har yanzu masu gini na komawa gare shi saboda dalili ɗaya babba: yana barin mutum ya danna Ctrl da Z ya dawo da rubutunsa na asali. Kada ka raina wannan. Ekstenshan da zai goge wa mutum sakin layin da ya ɓata lokaci yana tsarawa, ya kuma hana shi dawo da shi, a ranar za a cire shi.

Ga wasu ƙananan abubuwa uku da ke raba ƙwararre da ɗan koyo. Na ɗaya, amsar inji takan ɗauki daƙiƙoƙi, kuma mutum na iya ci gaba da rubutu kafin ta iso. Kafin ka sauya komai, ka duba ko jimlolin da ka ɗauka suna nan yadda ka bar su. Na biyu, shafukan zamani suna haifar da akwatuna bayan shafi ya gama buɗewa, kamar lokacin da ka danna ba da amsa. Saboda haka maimakon ka ƙirga akwatuna tun farko, ka jira sai mutum ya shiga akwati sannan ka kula shi. Na uku, abin da inji ya dawo da shi ka shigar da shi a matsayin rubutu zalla. In ka bari burauza ta karanta shi a matsayin HTML, ka buɗe ƙofar da mugun umarni zai bi ya shiga shafin mutum.

(KIƊA)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna bayani ne a kan gina ekstenshan na burauza mai kawo ƙirƙirarriyar basira cikin akwatin rubutu. Mun gama da akwatin, bari mu juya ga injin.

Kamfanonin da ke ba da hayar waɗannan injuna, irin su OpenAI da Google da Anthropic, suna ba ka wani dogon jerin haruffa da lambobi, shi ne makullinka. Duk buƙatar da ta zo da wannan makulli, a asusunka za a caje ta, kuma da dala. Babban kuskuren 'yan koyo shi ne rubuta makullin a cikin fayilolin ekstenshan. Ekstenshan ƙunshi ne kawai na fayiloli, duk wanda ya sauke shi zai iya buɗewa ya karanta. Makullin da ka sa a ciki ka raba wa duniya ne.

Mafita biyu ce. Ko dai kowane mai amfani ya kawo makullinsa ya sa a shafin saiti, ya biya wa kansa, wanda ya dace da aikin gwaji ko na 'yan tsiraru. Ko kuma ka kafa 'yar sabarka a tsakiya. Ekstenshan ya yi magana da sabarka, ita ke riƙe da makulli, ita ke magana da kamfanin. A nan ne za ka iya ƙayyade yawan buƙatun da mutum ɗaya zai aiko a awa, da tsawon rubutun da za a karɓa, don kada wani ya kwana yana ƙona maka kuɗi.

Batun kuɗi yana da wani gefe da ya shafe mu kai tsaye. Waɗannan injuna ba da kalma suke lissafi ba, suna daddatsa rubutu ne zuwa gutsattsari da ake kira tokin, a kansu ake caji. A Ingilishi, tokin ɗaya yakan kai kimanin haruffa 4. Harsunan da ba su da yawan rubutu a intanet kuwa an fi daddatsa su ƙanana-ƙanana. Wani bincike da masana a Jami'ar Oxford suka fitar a 2023 ya nuna cewa magana ɗaya, in aka fassara ta, tsawonta a tokin na iya ninkawa har sau 15 a wasu harsunan. Saboda haka mai gina abin da zai yi aiki da Hausa ya auna kuɗinsa da rubutun Hausa na gaske. Wannan kuma ƙarin dalili ne na aika iyakar abin da mutum ya zaɓa.

Akwai hanya ta uku da ke tasowa, wato injin da ke zaune a cikin kwamfutar mutum. A 2025 Google ya buɗe wa masu gina ekstenshan damar amfani da ƙaramin injinsa, Gemini Nano, daga cikin Chrome. Fa'idarsa rubutu ba ya barin kwamfuta. Sai dai yana son kwamfuta mai ƙarfi da sarari mai yawa, kuma da harsuna ƙalilan ya fara, babu Hausa a cikinsu.

Sai umarnin da za ka haɗa da rubutun mutum ka aika wa injin. A nan taƙaitawa da fayyacewa ake so. Ka gaya masa aikinsa: ya maido da baƙaƙe masu ƙugiya, ya gyara alamomin rubutu, kada ya sauya kalma, kada ya ƙara, kada ya rage, ya dawo da rubutun kaɗai ba tare da gaisuwa ko sharhi ba. In ba ka faɗi wannan na ƙarshe ba, za ka ga ya manna wa mutum wata gabatarwa a saman wasiƙarsa. Duk da haka, akwai inda injin ba shi da yadda zai sani. Wanda ya rubuta cewa wane ya tafi fada, gidan sarki yake nufi ko rigima? Mai rubutun kaɗai ya sani. Shi ya sa muka sa ɗan allon nan mai maɓalli biyu, kuma ya kyautu allon ya haska wuraren da aka sauya, don ido ya faɗa kansu nan take.

Wani haɗarin kuma shi ne cusa umarni. Wani mai gina manhaja ɗan Birtaniya, Simon Willison, shi ya raɗa wa matsalar suna a Satumban 2022. Injin ba ya iya bambance umarnin mai shi da rubutun da aka ba shi ya karanta. A ce ekstenshan ɗinka yana karanta wasiƙar da aka aiko don ya tsara amsa. Mai mugun nufi zai iya ɓoye wata jimla a cikin wasiƙar, da farin rubutu a kan farin shafi, yana umartar injin ya saka wata mahaɗa ta damfara a cikin amsar. Har yau ba a sami maganin da ke kashe wannan cuta gaba ɗaya ba. Abin da ke hannunka shi ne rage ɓarnarta: kada ekstenshan ya danna aikawa da kansa, kada ya karanta abin da ba a nuna masa ba, kuma kada rubutu ya shiga akwati sai idon mutum ya bi ta kansa.

(KIƊA)

Yanzu mun zo kan amana, kuma nan ne kason kowa da kowa.

Dattawanmu za su tuna masu rubuta wasiƙa da ke zama a bakin gidan waya. Kai za ka je wurinsa, ka faɗa masa abin da kake so a rubuta, ya rubuta, ya karanta maka, ka amince, ka biya, ka tashi. Abin da ba ka faɗa ba bai ji ba. To ka ƙaddara wannan marubuci ya ce shi sai dai ya tare a ɗakinka, yana leƙa duk takardar da ka ɗauka, dare da rana, wai don ya fi saurin taimaka maka. Ekstenshan da ya nemi izinin karantawa da sauya bayananka a dukkan shafuka, abin da ya nema ke nan. Yana iya ganin saƙonka ga iyalinka, da shafin bankinka, da abin da ka rubuta ka goge ba ka aika ba.

Mai gini yana da zaɓi. Akwai izini mai suna activeTab, wanda ke buɗe wa ekstenshan shafi ɗaya tak, wanda mutum yake kai, kuma sai mutum ya kira shi da kansa, ta danna tambarinsa, ko jerin zaɓi, ko wani haɗin maɓallai. Da ya rufe shafin ko ya koma wani gidan yanar gizo, izinin ya faɗi. Misalinmu na gyaran Hausa ba ya buƙatar fiye da wannan. Gaskiya ne ba za ka sami ɗan tambarin nan mai bin mutum cikin kowane akwati ba, amma ka sami abin da za ka iya kare shi a gaban kowa. Sannan ka rubuta a cikin umarninka cewa akwatin kalmar sirri, da na lambar katin banki, da na lambar tabbatarwa da ake turowa ta waya, ekstenshan ba ya taɓa su ko an kira shi. Tun ran gini tun ran zane.

Wannan tsoro yana da hujja. A watan Maris na 2023, masu bincike na kamfanin tsaro Guardio sun bankaɗo ekstenshan na bogi da ke ɗauke da sunan ChatGPT a cikin kantin Chrome, wanda aikinsa na ɓoye shi ne sace shaidar shiga Facebook don ƙwace asusun mutane. A watan Mayun shekarar, Samsung ya hana ma'aikatansa amfani da irin waɗannan injuna a na'urorin kamfani, bayan an gano wasu sun liƙa bayanan sirrin aiki a ChatGPT. A Disamban 2024 kuma, ana jajibirin Kirsimeti, aka yaudari wani ma'aikacin kamfanin Cyberhaven da wasiƙar bogi mai kama da ta kantin Chrome, maharan suka sami damar ɗora gurɓataccen kwafin ekstenshan ɗin kamfanin, burauzoji kuma suka sabunta da kansu kamar yadda suka saba. Bincike ya nuna ekstenshan fiye da 30 aka yi wa irin wannan. Darasin ga mai gini a fili yake: asusunka na kanti ƙofa ce zuwa kwamfutar duk wanda ya yarda da kai, ka tsare shi, ka kuma yi hattara da duk wasiƙar da ke gaggauta ka danna wani abu.

Doka ma tana da magana. A Nijeriya, tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a, da hukumar da ke kula da aiwatar da ita. Wanda sabarsa ke karɓar rubutun mutane ya shiga sahun masu sarrafa bayanai. Hanya mafi aminci ita ce sabarka ta miƙa rubutu, ta dawo da amsa, ba tare da ta ajiye kwafi ba. Ka kuma gaya wa mai amfani, da harshen da yake ji, wane kamfani ne rubutunsa ke zuwa wurinsa.

Gwaji ba ya cin ko kwabo. Ka buɗe shafin ekstenshan a Chrome, ka kunna yanayin masu gini, ka nuna masa foldar da fayilolinka suke, nan take zai hau. Ka gwada shi a akwati mai sauƙi, ka gwada a Gmail, ka gwada a shafin da aka gina da React. Ka katse intanet ana tsakiyar aiki ka ga ko rubutun mutum ya tsira. Ka ba shi Hausar Kano, da ta Sakkwato, da ta Damagaram, ka duba ko yana ƙoƙarin mayar da kowa bakin Kano alhali ba a sa shi ba. In ka gamsu, rajistar mai gini a kantin Chrome dala 5 ce, sau ɗaya, kantin Firefox da na Edge kuwa kyauta ne. Za su duba aikinka kafin su sake shi, kuma a tsari na uku an hana ekstenshan ɗauko umarni daga waje ya gudanar, komai sai ya kasance cikin ƙunshin da aka duba.

Abu ɗaya da ya kamata mai gini a yankinmu ya sani tun da wuri: yawancin jama'armu da waya suke shiga intanet, kuma Chrome na wayar Android ba ya ɗaukar ekstenshan. Firefox na Android ya buɗe ƙofarsa sosai a Disamban 2023, Safari na iPhone kuma tun 2021. Don haka masu cin moriyar aikinka na farko su ne masu zama gaban kwamfuta: 'yan jarida, malamai, masu fassara, ma'aikatan ofis, masu shagunan buga takardu. Su za ka nema su gwada maka, su za ka saurara.

Ga wanda ba gini zai yi ba kuwa, ga aikin gida. Yau in ka buɗe kwamfutarka, ka shiga jerin ekstenshan da ke burauzarka. Wanda ba ka san lokacin da ya hau ba, ka cire shi. Wanda ka daɗe ba ka yi amfani da shi ba, ka cire shi. Waɗanda suka rage, ka shiga bayanin kowanne, akwai wurin da za ka mayar da izininsa ya zama sai ka danna shi sannan ya ga shafi. In kwamfutar ofis ce, ka tambayi masu kula da ita kafin ka ɗora wani sabo. Ɗalibai masu son gwada gini kuma, ku fara da akwati mai sauƙi da aiki guda, ku tabbatar Ctrl da Z yana dawo da rubutu, sannan ku matsa gaba.

Masu sauraro, a nan lokaci ya cim mana. Da fatan an ƙaru. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu, a daidai wannan lokaci.

(KIƊAN RUFE SHIRI)